Kafi irin na Asante da ruwan Aboabo

Shekara uku na yi ina koyon gini a hannun wani dattijo a unguwar Aboabo ta Kumasi, tsohon soja ne da ya yi zamaninsa a ɓangaren injiniyoyi. A damina ta biyu ya bar mini aikin tare ruwa a bayan wani gida da ke bakin kwata. Na cika buhuna da yashi dam, na jera su layi ɗaya har ƙuguna, miƙe sambal, ina ta jin daɗi. Da dare aka sheƙa ruwa. Da safe na tarar buhuna na tsaye ƙyam, amma tabarmin masu gida na yawo a tsakar gida. Ruwan bai taɓa katangata ba, ta ƙarshenta ya zagayo.

Maigida bai yi faɗa ba. Ranar Asabar ya ce in rako shi tsohon sansanin Turawa da ke kusa da Adum, wanda yanzu gidan tarihin sojojin Gana ne. A nan ya ba ni labarin 1900, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinari ta sarautar Asante, Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, ta tayar da Asante, aka yi wa sansanin ƙawanya. Asante ba su yi gangancin afka wa bangon dutse mai bindigogi ba. Hanyoyin shiga Kumasi suka toshe da kafi.

Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Layi biyu na manyan itatuwa, tsakaninsu a cika da ƙasa da duwatsu a daddanne, tsawo ya ɗara mutum, kauri kamar taku shida, da 'yan kafofin harbi, a baya kuma ramukan fakewa. Ƙananan igwan da Turawa suka zo da su suka yi ta bugu, kafi ko gezau. "Yaro, dutse tsagewa yake, ƙasa kuwa haɗiye bugu take," in ji shi. Kakanninmu ma sun san haka. Ganuwar Kano ƙasa ce, kuma sunan garin Keffi daga kafi ya samo asali.

Na ce, "To Maigida, yaya aka yi aka ci su?" Sai ya ɗora tsinken a ƙarshen zanen. Asante sun dogara da cewa kurmin da ke dama da hagu ya isa katanga. Sojojin Turawa suka koyi sare hanya cikin kurmi da adda, su ɓullo ta gefen kafin, su shigo da banati. Hodgson ya sulale daga sansanin ranar 23 ga Yuni ta hanyar Patasi, Kanar Willcocks mai jagorantar sojojin ɗauki kuma ya iso sansanin ranar 15 ga Yuli. Maigida ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai, don tabarmin nan nake gani.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai fiye da darasin ginin. Waɗanda aka bari suna gadin sansanin cikin yunwa da ciwo, sojojin da Turawa ke kira Hausa ne, wajen mutum ɗari, ko da yake duk ɗan Arewa Hausa suke ce masa. Mutanenmu ne a cikin bango, masu masaukinmu a bayan kafi. Mu da aka haifa a zango muna cin arzikin ƙasar Asante, ya kamata mu san wannan, mu kuma faɗa wa yaranmu ba tare da kwaskwarima ba.

Litinin muka koma bakin kwata. Ya sa na zazzage kowane buhu ya koma rabi da ɗan ɗori, don ya kwanta ya rungumi ɗan'uwansa. Muka jera su kamar bulo, gaɓa ba ta hau gaɓa ba, gindi ya ninka tsawo sau uku, kowane layi sai na tattake shi da ƙafa. Rabin yinin kuwa a ƙarshen biyu ya tafi: ɗaya muka lanƙwasa ya manne da bangon maƙwabci, ɗayan muka ja shi taku goma sha biyu har ya hau tudu.