Auna hayaƙin masana'anta da jirgi marar matuƙi

Jirgi marar matuƙi yana iya kutsawa cikin hayaƙin da ke tashi daga bututun masana'anta a Idu, unguwar masana'antu ta Abuja, inda mutum ba zai kai da na'ura a hannu ba. Sai dai awo yakan lalace tun daga wurin da aka ɗaura bakin tiyon shaƙar iska.

Farfelolin jirgin suna janyo iska daga sama su tura ta ƙasa da ƙarfi. In ka manna na'urar a ƙarƙashinsa, hayaƙin da aka riga aka dama da iska mai tsabta za ta shaƙa, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. Don haka ɗaura tiyon a kan sanda marar nauyi, kamar mita ɗaya, ta leƙo gaban jirgin tana fuskantar iska. Tiyon Teflon ake so, wato roba mai santsi da sinadarai ba sa cin ta, domin roba ta yau da kullum tana riƙe iskar SO2 (sulfur dioxide) a jikinta. Ƙura kuwa tana manne wa Teflon, ita sai gajeren bututun ƙarfe miƙaƙƙe.

Kada ka yi gaggawa. Na'urorin auna iskoki masu guba irin su SO2, NO2 (nitrogen dioxide) da CO (carbon monoxide) sukan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin lambarsu ta zauna. In ka ratsa hayaƙin a guje, sai ka wuce lambar za ta hau, taswirar awon ta ɗora laifin inda babu komai. Tsaya minti ɗaya ko biyu a kowane wuri, nesa da bakin bututun saboda zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi ita kaɗai tana iya zarce maikurogiram 15 na PM2.5 (ƙananan ƙwayoyin ƙura masu shiga huhu) a kowace mita kubik ta iska, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 a matsayin ma'aunin yini guda. Dole ka fara auna ɓangaren da iska ke fitowa, sannan inda take kai hayaƙin, ka cire na farko daga na biyu. In ba haka ba, ka ɗora wa kamfani ƙurar sahara. Da damina kuma laima ce ke kumbura ƙwayoyin ƙura, na'ura ta ƙara lamba.

Kafin ka tashi, nemi izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, musamman a Abuja, kuma kada ka wuce mita 120. In za ka kai ƙorafi NESREA, hukumar tabbatar da dokokin kare muhalli ta ƙasa, tara iskar a ledar Tedlar da ake ɗaukar samfurin iska da ita, ɗakin gwaji ya tabbatar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu.