Kwana shida a gidan makaɗin jita a Giranada

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu ban gama kwance kaya ba, amma gara in rubuta wannan tun abin yana da ɗumi. Aikin ofis ne ya kai ni Madrid, babban birnin Sifen. Da aka tashi daga taro sai na hau jirgin ƙasa na yi kudu zuwa Giranada, wurin wani dattijo da malamina na jita a Jos ya haɗa ni da shi. Mutumin ya haura sittin, kuma tun yana saurayi da jita yake ci da iyalinsa.

Da muka yi musabaha, hannunsa na fara lura da shi. Faratan dama dogaye ne, an goge su sumul, na hagu kuwa an yanke su ƙasa-ƙasa. Kullum da safe, kafin ya taɓa tsirkiya, sai ya zauna bakin taga da wata 'yar takardar yashi mai laushi yana gyara bakin kowane farce, yana gwadawa, yana sake gogawa. Ya nuna mini ɗan yatsa guda da farcensa ya taɓa karyewa ana jibi wasa: ya yanko ɓallin ƙwallon tebur ya manna da gam, da shi ya hau dandamali.

Yininsa kashi uku ne. Da hantsi awa uku yana bitar kiɗan Turai na dauri, wanda komai nasa a rubuce yake, ba a ƙara ba a ragewa. Da la'asar ɗalibai. Da daddare ya ajiye jitar katako mai tsirkiyar nailan, ya ɗauki ta lantarki, mu gangara wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda suke kiɗan jaz su uku. A nan sai ya zama wani mutum daban. Su kafa karin sau ɗaya, daga nan kowa ya bi inda zuciyarsa ta kai shi, kamar mai gurmi idan fage ya yi daɗi. Da tsokar babban yatsa yake bugawa, irin na Wes Montgomery na Amurka. Na ce, "Maestro," wato gwani, "wanne ka fi so?" Ya ce na safe ya koya masa ladabi, na dare ya koya masa sauraro.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu liƙi, babu kirarin mai kuɗi. Jama'a su yi tsit har a gama, sannan su tafa. An yi jinga tun kafin wasa, kuma a ciki zai biya haraji. Bai ɓoye mini ba, kuɗin wasa kaɗai ba sa biyan haya, ɗalibai da bukukuwan aure ne suke riƙe gidan. Duk da haka mai gasa burodin unguwa maestro yake ce masa. A wurinmu da tuni an kira shi maroƙi, an hana shi 'ya. Wannan ya yi mini ciwo, don na san irin wahalar da malamina ya sha.

Matarsa kuwa, Allah ya saka mata. Da ta ji ba na cin naman alade, kifi da wainar ƙwai da dankali ta dinga yi mini, ita ce kuma ta kwatanta mini masallacin unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi.

A kan hawan da ke zuwa fadar, titin Cuesta de Gomérez, akwai shagunan masu ƙera jita. Na ga wani yana ƙwanƙwasa fallen katako da yatsa, ya kara a kunne. Jitar da aka ƙera da hannu dubban Yuro ce. Na taya, kamar yadda zan yi a Kwari, mutumin ya girgiza kai kawai, ko albarka babu. Kuɗin sun yi mini yawa, amma da na ga aikin ban ce tsada ba ce. A ƙarshe tsohuwar jitar wani ɗalibin maestro na saya da rahusa.

Na yi yini guda a Linares, garin da aka haifi Andrés Segovia a 1893, wanda ya shigar da jita manyan zaurukan kiɗa na duniya. Ya rasu a 1987, kabarinsa yana cikin gidan tarihinsa.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya daka mini tsawa a gaban mutane, wai sai jitar ta bi akwatuna, ko kallon fuskata bai yi ba. Wata abokiyar aikinsa ce ta sa baki aka sama mata wuri a ciki. Ta iso lafiya. Ranar Asabar zan tafi Jos in kai wa malam tsirkiyoyin da maestro ya aiko masa.