Wata huɗu ba albashi, ba ɗaki

A watan Satumban 2023 na karɓi takardar kama aikin koyarwa a firamare, bayan shekara biyu ina zaman jira da NCE, wato shaidar kammala kwalejin horar da malamai, a hannu. Ranar har sadakar ƙosai mahaifiyata ta yi. Ba wanda ya gaya min irin ratar da ke tsakanin wannan takarda da albashin farko. Sai an tantance takardunka, sai an shigar da sunanka cikin jerin masu karɓar albashi, kowane mataki da nasa jiran. Nawa wata huɗu ya ɗauka.

Ƙauyen da aka tura ni, mota biyu ne da acaɓa daga gidanmu. Ga shi tun ranar 29 ga Mayu an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ko da ana biya na, zuwa da dawowa kullum zai lashe kusan duka. Haya kuma a garin da ke kusa, kuɗin shekara ake so a dunƙule, ban da la'adar dillali.

Na fara da raɓewa a ɗakin wani abokin karatu, har bikinsa ya matso, na ga yana jin nauyin yi min magana, na tattara nawa-ya-nawa. Daga nan sai shagon wani tela. Sai ya tashi aiki wajen sha biyun dare nake shimfiɗa tabarma tsakanin kekunan ɗinki, da asuba in naɗe. A nan nake duba littattafan yara a kan gwiwa da hasken waya. Riguna biyu gare ni na zuwa aiki, ɗaya na jikina, ɗaya na shanye a ƙusar bayan ƙofa.

Darasin da ya fi yi min ciwo shi ne, inda malami ya kwana yana biyo shi har cikin aji. Na zama mai saurin fushi. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ke yawan gyangyaɗi, ranar nan na daka mata tsawa har allon hannunta ya faɗi. Daga baya na ji cewa tallan gyaɗa take yi a tasha har bayan isha'i. Ni da ita ciwonmu ɗaya, rashin barci, amma ni ne mai bulala. Har yau idan na tuna yadda ta sunkuya tana tsintar allon nan, zuciyata ba ta min daɗi.

Duk wannan ban gaya wa kowa ba. Gani nake malami ne ni, abin kunya ne a ji ba ni da makwanci. Hedimastanmu, dattijo da ya kusa ritaya, shi ya tare ni bayan an tashi.

"Malam, tsakaninka da Allah, a ina kake kwana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana dai lallaɓawa."

Ya ce, "Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba wa zai kawo masa kwano?"

Da yamma ya kai ni wurin mai unguwa, aka ba ni ɗakin soro a gidan wani manomi, aka ce in biya idan albashi ya zo. Malamai suka saka ni a adashinsu, suka ba ni ɗaukar farko alhali ban taɓa zubi ba. Da shi na sayi katifa da risho. Da na buɗe baki tun makon farko, da wata biyu na wahalar nan ba su same ni ba, da ita ma yarinyar ba ta sha tsawata ba.

Sai dai kirkin mutane ba zai rufe min baki a kan abin da yake haƙƙi ba. A bayan makarantarmu akwai tsofaffin gidajen malamai, rufin ya yaye, awaki ke kwana a ciki. A ranar malamai ta duniya ta 2020 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman da gidaje masu rahusa ga malaman karkara, mu dai ba mu gan su a ƙauyenmu ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma malaman firamaren Abuja kanta sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan a biya su shi. Masu cewa ladan malami a lahira yake, su sani mai gidan haya a nan duniya yake karɓar kuɗinsa.

Albashina na farko bai kwana ba: mai shago, telan nan da ya ƙi karɓa sai da na roƙe shi, kuɗin soro, zubin adashi.

Bana an turo mana sabon malami. Tun kafin in nuna masa ajinsa na tambaye shi makwancinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce ana lallaɓawa. Yanzu katifarsa na gefen tawa, muna jiran sunansa ya fito.