Ɓeran katun da ɓeran bayan buhu

Tun da aka yi hutu 'yata ta kamu da wani katun na iyalin ɓeraye masu magana. Uban da tabarau, uwar kullum tana gasa burodi, yaran suna musu kan wanda zai wanke kwanuka. Ni ma nakan zauna, har na fi ta dariya.

Jiya na ɗana tarko bayan buhun shinkafa, sai ga ta da hawaye: "Baba, in babansu ne fa?"

Na yi mata bayanin zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a Borno a 1969, da yadda fitsarin ɓera kan abinci ke yaɗa shi. Ta ce to in fara tambayarsa sunansa tukun.

Da safe na tsinci tarkon ƙarƙashin katifarta.