Abin da tsohon barikin daji ya koya min kafin in ajiye aiki

Jiya na miƙa makullin sito da hular kwano, shikenan shekara shida sun ƙare. Tun safe yaran sait ke ta kirana wai in rubuta musu wani abu na bankwana, toh ga shi, amma ba zan ba ku labarin estet ɗin Millennium City ko shagunan da muka zuba a Kawo ba, waɗannan kowa ya san yadda ake yinsu, bulo ne da siminti da rigimar masu tifa. Aikin da ya tsaya min a rai shi ne wanda har yau in aka ambace shi a ofis sai a yi shiru a kalle ni, wato barikin nan na hanyar Kaciya.

Ga sababbin zuwa da ba su san zancen ba. Wani Alhaji ne ya sayi gona can ciki bayan an wuce Kujama, sai ka sauka daga kwalta ka yi ta bin burji har mota ta gaji, a tsakiyar gonar kuma akwai wani tsohon gini ɗaki biyu da falo da baranda ta zagaye shi, mutanen ƙauyen suna ce masa bariki. Dattawansu sunce nan Di'o ke sauka in ya fito rangadin haraji, da Turawa suka tafi malaman daji na En'e suka gaje shi, daga baya kuma jemagu da awaki. Alhaji baya so a rushe, yace a gyara masa ya riƙa zuwa hutun ƙarshen mako da iyalinsa. Oga ya karɓi kwangilar ya turo ni.

Ranar da na fara shiga wallahi wari ne ya kore ni, kashin jemage ya kai idon sawu. Amma da muka share sai ginin ya fito. Harsashinsa dutse ne har kusan gwiwa, daga nan zuwa sama tubali, irin mulmulallen nan na hannu da ake shanyawa a rana, kaurin bangon ya kusa kamu uku, da tsakar rana a watan Maris kana shiga ciki sai kaji kamar an sa ka a randa. Saman ƙofofi kwangirin jirgi aka gitta. Silin ɗin azara ce an jera ta reras an yaɓe, sannan can sama aka kifa kwano mai kauri irin wanda yanzu ko a Fanteka sai ka sha yawo kafin ka samu. Har da murhu mai bututun hayaƙi a falo saboda sanyin hunturu. Ni a lokacin ban ga komai ba sai ƙasa da tsatsa, ina ta lissafin buhu nawa zai ci.

Alhaji ne da kansa ya kawo mana wani tsohon magini daga Zariya, yace a yi aiki da shi. Baba muke ce masa. Ɗan siriri, baya rabo da goro, kwana biyu na farko bai taɓa komai ba sai zagaye ginin yake yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana kasa kunne kamar mai sayen kankana. A rana ta uku ya kira ni gefe yace, injiniya (haka yake ce min in zai tsokane ni), abu biyu zan roƙe ka, kada ku taɓa barandar nan, kada kuma ku sa wa bangon nan siminti. Nace Baba me ya sa. Yace bangon ƙasa numfashi yake, da damina ya sha ruwa da rani ya fitar, in ka rufe masa baki da siminti ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a ciki ya mai da tubalin kunu, kai kana ganin filasta tsaf a waje alhali bayanta babu komai. Barandar kuma yace ita ce malafar ginin, ita ta hana ruwa dukan bango duk shekarun nan. Abin da yake so a yi shi ne a kankare tsohon yaɓe, a cike inda ya zaizaye da ƙasa irin tasa, a bi da makuba.

Na kai wa oga wannan magana a waya. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san dariyar nan tasa ta hanci. Yace wai ni da takardar HND zan tsaya wani tsoho mai cin goro yana koya min gini, yace Alhaji kuɗi ya biya yana so yaga abu fes, ba zai kawo Hajiya ta jingina da bangon ƙasa ba. A sa waya mai raga a buga ƙusa a yi filasta ciki da waje, baranda kuma a rage ta saura gefen gaba kawai, kwanon da aka cire a faci rufin da shi, an huta sayen sabo.

Toh a nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ban ce masa komai ba. Nace to yallaɓai. Ban ce ya rubuto min ba ko da a WhatsApp ne, ban kira Alhaji ba duk da ina da lambarsa, ban ma yi gardamar minti biyu ba, saboda can cikin raina nima na fi yarda da siminti, shi aka koya min, shi nake gani kullum, kuma gaskiya akwai girman kai, ina jin kunya leburori su ga tsoho ya juya ni. Da na faɗa wa Baba abin da aka yanke bai yi faɗa ba, ya tofar da goronsa yace Allah ya sa alheri ɗan nan, ya naɗe tabarmarsa washegari ya hau motar gawayi ya koma. Ko kuɗin mota ban ba shi ba, wannan ma yana damuna har yanzu.

Mun gama a watan Mayu. Fari tas, fenti ya kwanta, oga ya zo da babbar riga aka yi hotuna aka sa a Facebook, ana ta masha Allah.

Ƙarshen Agusta ana tsakiyar marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba, mai gadin gonar ya kira ni da asuba yace bangon gabas ya zauna. Na hau mashin na tafi cikin taɓo. Filastar ta ɓallo falle guda kamar an buɗe ƙofa, ta janyo rabin bangon da ita, abin da ke ciki kuwa ka sa hannu ka damƙa ruwa na tsiyaya, kunun da Baba ya faɗa sak. Azara huɗu sun sauko, kusurwar ɗakin kwana a buɗe kana hango gona. Kuma gabas ɗin nan ita ce inda ruwan Kaduna ke bugowa da iska, daidai inda muka cire baranda. Ginin da ya ga Turawa ya ga En'e ya ga shekaru yana hannun awaki bai faɗi ba, mu muka kayar da shi a damina ɗaya. Gyaran gangar auzinawa kenan.

Abin da ya biyo baya kun sani. A gaban Alhaji oga ya juyo ya kalle ni yace ai shi tun farko ya ce a bi shawarar tsohon, yaron ne ya yi gaban kansa. Wallahi haka ya faɗa, idonsa a cikin nawa. Na buɗe baki na rasa abin da zan nuna, waya ce muka yi, iska ta kwashe. Aka yanke min albashin wata biyu, lokacin matata na da tsohon ciki. Na yafe kuɗin tuni. Kallon da Alhaji ya yi min ne ban manta ba, da kuma yadda mutum uku da suke wurin sanda nake wayar suka sunkuyar da kai, sun san kansu, ba na riƙe su, kowa tuwonsa yake karewa.

Da kuɗina na je Zariya na nemo Baba. Na zaci zai ce ai na faɗa maka, har na shirya haɗiyewa. Sai kawai ya tambaye ni dutsen ƙasan ya motsa? Nace a'a. Yace toh ginin bai mutu ba, a bari ruwa ya ɗauke.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu muka yi aikin, kuma a wata huɗun nan na koyi abin da ban koya a aji ba. Muka fasa duk filastar da hannu a hankali. Ƙasar bangon da ya faɗi Baba bai bari an zubar ba, yace ita ta san wurin, aka jiƙa ta aka zuba ciyawa aka tattake da ƙafa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake takawa, sannan a mulmula tubali a shanya. Ba a ɗora sahu da yawa a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska, ni da na saba a tayar da bango kafin azahar abin ya riƙa cin raina. Makuba kuma ashe ɓawon ɗorawa ne, matan Gbagyi na ƙauyen suka tara mana buhu-buhu, a daka a jiƙa ruwan ya yi ja kamar shayi a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, in ya bushe ruwa ya zubo sai ya gangare, sai dai duk bayan ƴan shekaru ana sabuntawa, wannan shi ne kuɗin da ginin ƙasa ke karɓa a hannunka. Azarar da ta sauko muka duba, ƙalau take, gara ba ta iya cin giginya, amma katakon malaina da kafintanmu ya sa a tagogi wata tara kacal har ya zama gari. A wurin Baba na ji cewa azara ba ta son tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da abin tallafi ba, shi ya sa magina na da suka iya ɗaurin guga, wato bakan gini da ke ɗauke rufi, in suna son ɗaki mai faɗi.

Da dare muna zaune bakin murhun yana ba ni labarin Babban Gwani Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara kawai. Yana maganarsa kamar jiya suka rabu. Ni an haife ni a Tudun Wada, na yi wasa a Gamji na hau gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru ban taɓa tambayar daga ina take ba, na san dai an ce 1917 hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna don mun haddace saboda jarrabawa. Sai a dajin nan na fara tunanin su wa suka ɗauko dutsen harsashin nan a ka, su wa suka taka ƙasar, don Bature dai bai taka ba, talakawan ƙauyen ne, kuma dattawan sunce ba kullum ake biya ba. Shatin yatsunsu na nan a jikin tubalin ciki, na sa hannuna a kan wani naga nawa ya fi girma, ko yaro ne ko mace Allah masani.

A cikin ɓaraguzan wani lebura ya tsinci anini, ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, goma ne ke yin kobo ɗaya a kuɗin da, kafin a koma naira a 1973. Ya yi baƙi ƙirin. Baba yace ƙila daga aljihun mai taka ƙasa ya faɗi, ƙila kuma da gangan aka sa. Ya ce in mayar da shi cikin sabon bangon, na mayar, yana sahu na bakwai daga ƙasa kusa da kusurwa.

Sauran abin da zan ce wa yaran sait gajere ne. Duk umarnin da aka ba ka a waya, kashe ka tura saƙo kace yallaɓai kamar yadda kace zan yi kaza, ka ajiye. Ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa. In mai gini ya kawo mutuminsa, akwai dalili. Kada ka ci bashin mai yashi da sunanka. Ka biya lebura ranar da ka ce.

Mun mai da barandar duk zagaye huɗu, da sabon kwano, don wancan mai kaurin an riga an yayyanka. Damina huɗu kenan ko tsaga babu, mai gadin yana turo min hoto duk Satumba ba tare da na tambaya ba. Hoton ginin ne yanzu a bangon ofis bayan kujerar oga, a ƙasa an rubuta wai kamfani ya ƙware wajen raya gine-ginen tarihi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sunan Baba baya ko'ina, nawa ma haka.

Satin da ya wuce da na kai takardar ajiye aiki oga ya karanta ya ajiye, bai tambayi dalili ba, sai yace af, akwai wani tsohon gida da ake so a gyara a Unguwar Sarki, in ba shi lambar tsohon nan na Zariya. Nace yallaɓai Baba baya riƙe waya. Kuma gaskiya ne baya riƙewa, ta jikansa ake samunsa, ita kuma ba a tambaye ni ba.