Hoton da Na Tura Daga Pilbara

Har yau idan na tuna dutsen niƙan nan sai gabana ya faɗi. Ni na yi sanadin ɓatansa, kuma da wayar hannuna.

A watan Yulin 2023 ina karatun taswira a Perth, sai aka nemi mai taimaka wa wata tawagar binciken kayan tarihi a yankin Pilbara, a Yammacin Ostareliya. Aikina shi ne ɗaukar lambobin GPS na duk abin da aka gani. Mu takwas ne, huɗu daga cikinmu 'yan asalin ƙasar ne, masu wurin, har da wata dattijuwa da kowa ke kira Anti.

Na je da zafin Juukan a zuciyata. A ranar 24 ga Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan dutse biyu a kwazazzabon Juukan, a nan Pilbara, domin faɗaɗa haƙar tama, kogunan da mutane suka zauna a cikinsu tun shekaru 46,000 da suka wuce. A tonon 2014 an samu kayayyaki kusan 7,000 a wurin, ciki har da kitsattsen gashin mutum mai shekaru 4,000 wanda gwaji ya danganta da mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau. Kuma bisa doka aka yi, da izinin gwamnati ƙarƙashin Sashe na 18 na dokar kayan tarihin 'yan asalin ƙasa ta 1972. Saboda haka ni a ganina maƙiyin irin waɗannan wurare shi ne kamfani da buldoza. Ban taɓa sa kaina a lissafi ba.

Rana ta shida muka shiga wani ƙaramin kogo da babu shi a rajista. Akwai tambarin hannaye da jar ƙasa a bango, ga ɓarɓashin duwatsun da aka sassaƙa, ga dutsen niƙa tsakiyarsa ta yi kwari saboda daɗewar aiki, ɗansa na ajiye a kansa kamar jiya aka tashi. Kafin mu shiga sai da Anti ta tsaya a bakin kogon ta yi magana da harshensu, tana sanar da kakanninta zuwanmu. Tsigar jikina ta tashi.

Da dare murna ta ɗebe ni. Na tura hoton dutsen ga wani rukunin abokai masu yawon daji, kuma don kada hoton ya dusashe na tura shi a matsayin fayil. Abin da na sani sarai, tunda sana'ata ce, shi ne na manta: fayil ɗin asali yana ɗauke da lambobin wurin da aka ɗauke shi. An gargaɗe mu tun ranar farko kada hoto ya fita sai da izini. Na ji, na gyaɗa kai, na kuma karya.

Bayan mako uku muka koma don auna kogon. Tun daga nesa muka ga sawun taya. A ciki ga tokar wuta, ga gwangwanaye, an karce haruffan suna kusa da tambarin hannayen. Dutsen niƙa babu, sai gurbinsa a ƙasa. Ƙafafu sun tumurmushe ƙasan kogon, gawayin zamani ya gauraya da na da, wanda da shi ake ƙiyasta shekaru. Shugaban tawagar ya ce saman wurin ya lalace ga bincike.

Ban san wanda ya ɗauka ba, hoton ya bi hannaye da yawa. Amma na san inda ya fito, don haka na faɗa a gaban kowa. Anti ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗana, kakata ta san wurin nan, uwata ta san shi, ba mu faɗa wa kowa ba. Kai kwana ɗaya ka yi da shi."

Daga baya na karanta labarin kogon Koonalda da ke Kudancin Ostareliya, inda a 2022 wasu suka haƙa ƙarƙashin ƙofar ƙarfe suka karce zanen yatsu na mutanen Mirning mai shekaru kusan 30,000. Can ma ba kamfani ba ne, 'yan tsirarun mutane ne da suka san hanya.

Duk wanda zai shiga irin wannan aiki, ya kashe alamar wuri a kyamararsa tun kafin ya bar gida. Kada ya ɗaga komai, ko tsakuwa ce. Kada ya ɗauki hoto sai masu wurin sun ce to, kuma izinin ɗauka daban, izinin turawa daban. Ni a nan na faɗi.

An bar ni na ƙarasa aikin, amma kullum da safe ina miƙa wayata ga shugaban tawagar. Na bi 'yan rukunin ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a mayar da dutsen, ko a ɓoye ne. Har yanzu ba a mayar ba.