Makullin foklif da motar kwando: abin da aiki a makaranta ya koya mini

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen ayyuka na babbar makaranta ya san gari guda ake riƙewa. Ga fitilun titi da za a canza, ga rassan darbejiya da maɗaci da suka sauko kan rufi, ga janareta da taransifoma da akwatunan kayan ɗakin gwaji da tirela ke kawowa bakin sito. A inda nake aiki a nan Zariya injuna biyu ne ke ɗauke mana wannan wahala: foklif mai ɗaga kaya da yatsun ƙarfe, da motar kwando mai kai mutum sama. Na daɗe ina kula da masu sarrafa su, kuma na gane cewa lafiyar jama'a a kusa da waɗannan injuna ta rataya ne a kan wanda aka miƙa wa makulli, da kuma ko an ba shi damar ya ce ba zai yi ba.

Maganar da na fi ji idan mai foklif bai zo ba, tirela kuma na jira, ita ce: "A kira wane, ai direba ne, yana da lasin." Lasin tuƙi na titi ne. Foklif da tayoyin baya yake karya kwana, shi ya sa idan ya juya gindinsa ke share waje, ya buge wanda ke tsaye a gefe yana ganin ya kauce. Direban da ya saba da mota hannunsa bai san haka ba. Ga kuma nauyi. Foklif mai ɗaukar tan biyu da rabi yakan kai wajen tan huɗu shi kaɗai, kusan nauyin ƙananan motoci uku, saboda dunƙulen ƙarfen da aka ɗaura masa a baya don ya rinjayi kayan gaba. Ƙafar da wannan taya ta bi ta kai, ko a hankali ake tafiya, sai dai a yi wa mai ita addu'a.

A jikin kowane foklif akwai ɗan farantin ƙarfe kusa da kujera, kuma wanda bai iya karanta shi ba bai kamata ya kunna injin ba. Za ka ga an rubuta, misali, kilo 2,500 a kan milimita 500. Kilo 2,500 buhun siminti 50 ke nan, wannan kowa yana ganewa. Lamba ta biyun ce ake tsallakewa. Abin da take cewa shi ne injin zai ɗauki wannan nauyi muddin tsakiyar nauyin kayan bai wuce rabin mita daga gindin yatsun ba. Idan kayan dogo ne, tsakiyarsa ta koma mita ɗaya, abin da injin zai iya ɗauka yakan sauko zuwa wajen kashi biyu cikin uku. Ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji abin da injin yake ji. Haka kuma duk sama da kaya suka yi, injin yana ƙara saurin kifewa gefe, domin a kan wurare uku yake tsaye: tayoyin gaba biyu, da tsakiyar ƙarfen tayoyin baya. Daga nan duk sauran ƙa'idojin suka fito. A yi tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, kamar taƙin hannu ɗaya daga ƙasa, a ɗan kwanto da su baya. Kada a karya kwana kaya na sama. A gangara, kaya su fuskanci tudu kullum, wato a hau da gaba, a sauko da baya, kuma ba a juyawa a tsakiyar gangara.

Na ga amfanin wannan ilimi da idona ranar da aka kawo wani dogon akwati na injin ɗakin gwaji. Mai foklif ɗinmu dattijo ne, duk muna ce masa Baba. Ya zagaya akwatin, ya duba takardar da ke manne a jiki, ya zura yatsu ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu, sai ya ji sitiyari ya yi sakwaf, alamar tayoyin baya sun fara rabuwa da ƙasa. Ya sauke a hankali. Babban jami'in da ya yo odar kayan yana tsaye, rana ta take, direban tirela yana ta duba agogo.

"Baba, ai duka-duka tan biyu ne. Injinka ba biyu da rabi ba ne?"

"Ranka ya daɗe, haka ne. Amma nauyin ba ya kusa da ni, yana can bakin yatsu."

Sai wani ya kawo shawarar da na sha ji a wurare da dama: a samu leburori uku su ɗare bayan injin su danne shi. Har biyu sun fara matsowa. Baba ya kashe injin, ya ja hanbirki, ya zare makulli ya jefa aljihu.

"Ku yi haƙuri, yallaɓai. Idan ya ɗaga baya, waɗannan yaran zai fara watsarwa. A nemo mota mai kuren."

An yi ta ƙorafi, an biya direban tirela kuɗin kwana, washegari aka sauke akwatin lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba ya iya yin haka ne saboda dalilai biyu. Ya san lissafin, kuma ma'aikacin dindindin ne mai furfura da ake jin nauyinsa. Da yaro ne ɗan aikin wucin gadi, wanda ake iya sallama da baki, da ya ɗaga akwatin nan yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Akwai abu ɗaya da nake maimaita wa kowane sabon mai foklif har ya gaji da ni. Idan injin ya fara kifewa, kada ka yi tsalle. Zuciya tsalle take cewa a yi, kuma masu tsallen su ne rumfar ƙarfen ke dannewa. Ka riƙe sitiyari gam, ka dogare ƙafafu, ka karkata jikinka ɓangaren da ba nan ake faɗuwa ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da bel a ɗaure.

Makaranta ta bambanta da kamfani ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. A kamfani duk wanda ke cikin fili ma'aikaci ne, an gaya masa inda zai bi. Mu kuwa cikin ɗalibai muke aiki. An tashi daga lakca, ɗaruruwa sun ɓarko lokaci guda, wannan ido na kan waya, wancan ya toshe kunne, ga 'ya'yan ma'aikata da aka taso daga firamare, ga 'yan acaba. Babu wanda ya san gindin foklif yana shara, babu wanda ya san sifana na iya suɓucewa daga kwando. Don haka muke ɗaure igiya mu kewaye wuri, mu tsayar da mutum mai tuta, manyan ayyuka kuma mu kai su sassafe, ko Asabar, ko lokacin hutu.

Motar kwando ita ce ta fi hana ni barci, domin abin da take ɗagawa rai ne. Akwai mai dogon hannu da ke lanƙwasa, akwai mai miƙewa tsaye da ƙarafa a gicciye. Kafin a tada kowacce, ƙasa ake fara dubawa. Tsofaffin makarantun Zariya cike suke da murfin sokawe da ciyawa ta rufe, da siminti a kan kwata wanda ba a yi shi don ɗaukar tan-tan ba, da ramukan gara. Ƙasar da ta yi tauri a Fabrairu, a Agusta laka ce. Ƙafar motar ɗaya ta nutse ɗan kaɗan a ƙasa, can sama kwandon ya yi nisa da inda yake. Shi ya sa ake fito da ƙafafun dogarawa duka, a sa musu faffaɗan katako. Bayan ƙasa sai waya. Layukan da ke ratsa harabobinmu masu ƙarfin bolt 11,000 ne ko 33,000, kuma irin wannan wuta tana tsallakowa tun kafin a taɓa ta. Ƙa'idar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ita ce a bar aƙalla ƙafa 10, wato mita 3, tsakani. Ni ban yarda da "ai an ɗauke wuta" ba. Wanda ya ɗauke bai gaya maka lokacin da zai dawo da ita ba. Sai an kashe layin daga tushe, an kulle, an bar mutum a wurin.

Sai iska. Yawancin injunan da aka yi don aikin waje iyakarsu mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, wasu kuma na cikin gini ne kawai. Duk ɗan Zariya ya san iskar da ke gaban hadarin farkon damina, yadda take tasowa da ƙura kafin ka naɗe tabarma. Ga lokacin bikin yaye ɗalibai, da ake son a ɗaura manyan kyallaye a kan falwaya. Kyalle a hannun mutumin da ke cikin kwando yana tara iska fiye da yadda ake zato. A watan Oktoban 2010, a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana ta Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 20 yana ɗaukar bidiyon atisayen 'yan wasa daga kan irin injin nan mai miƙewa tsaye, iska mai gudun sama da kilomita 80 a awa ta kifar da shi, ya rasu. Jami'ar ta amsa laifinta, daga baya ta kafa kyamarori a kan turaku ta daina ɗora ɗalibai. Jami'a ce mai arziki, da injiniyoyinta da komai. Abin da aka rasa a ranar shi ne wanda zai ce a sauko.

Mai hawa kwandon dogon hannu dole ya sa ɗamarar kariya mai gajeriyar igiya, ya maƙala ta a zoben da ke cikin kwandon, ba a jikin falwaya ko reshe ba. A ƙasa kuma a bar mutum wanda ya san maɓallan sauko da kwando idan injin ya mutu ko na sama ya suma. Ɗora mutum a kan katako a yatsun foklif don ya canza ƙwan fitila, wannan na hana shi kwata-kwata.

To ina satifiket ya shigo? A Amurka, tun 1999 doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin koyar da mai foklif a aji, ya koyar da shi a kan injin, ya gwada shi a wurin da zai yi aikin, ya kuma sake gwada shi duk shekara uku, ko da zarar ya yi haɗari ko ya tsallake rijiya da baya. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya hawa. A Ingila ana yi wa injin ɗaga kaya cikakken bincike duk wata 12, na ɗaga mutane duk wata 6. Katin da IPAF, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta harkar injunan kai mutum sama, ke bai wa masu motar kwando shekara 5 yake yi, kuma an rubuta irin injin da mutum ya ƙware a kai. Mu ma ba mu rasa doka ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai ƙa'idojin kayan ɗaga nauyi da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar a 2018, ga dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa.

Amma na ga takardu masu kyawun hatimi a hannun mutanen da ba su taɓa zama kan kujerar injin ba; an tara su a zaure wuni guda, an nuna musu hotuna, an raba takarda. Saboda haka idan aka kawo mini satifiket, nakan karɓa da girmamawa, sannan mu fita fili. Nuna mini duban safe: taya, sarƙa, yatsu ko sun tsage, birki, hon, yoyon man haidirolik (da ido ko da kwali, ba da hannu ba, domin man yana huda fata). Karanta mini farantin. Ɗauki wannan, ajiye can, koma da baya. Kuma da Hausa muke yin wannan duka. Mutanenmu da yawa hannunsu ya ƙware, Turancin littafin ne ke ba su wahala, wasu injunan kuma 'yan gwanjo ne, farantinsu ya goge ko da rubutun Japan ya zo. Mun fassara takardar duban safe zuwa Hausa, mun liƙa a jikin kowane inji.

Wanda ya ci gwajin, sunansa yana shiga littafi tare da irin injin da aka amince masa da ranar da za a sake gwada shi, kuma masu suna a littafin ne kaɗai ke karɓar makulli daga ofis. A shafin farko mun rubuta cewa duk mai suna a ciki yana da ikon tsayar da aiki, kuma ba za a taɓa albashinsa ko aikinsa saboda haka ba, shugaban sashe ya sa hannu. Don ƙananan ma'aikatanmu aka yi wannan layin, su ma su samu abin da furfura ta ba Baba.

Inda har yanzu muke fama shi ne 'yan kwangila, masu shigowa da injin haya da direbansa, sau da yawa a ranar hutu. Yanzu mun roƙi masu gadi kada su buɗe wa irin wannan mota ƙofa sai sun kira mu, kuma muna neman a sa sharaɗin gwajin a cikin takardar kwangila tun kafin a sa hannu.